Yayen Nasiru a Tungar Kaka

Ruwan bana ya yi mana halin baƙon da ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, sai ya ce bari ya je ya dawo. An yi shuka, gero ya fito kamar gashin jariri, daga nan sama ta bushe ƙayau. Shekaranjiya na ga Inna ta taka turmi ta leƙa rumbu, ta daɗe kanta na ciki har na fara tunanin ko barci ya ɗauke ta a can. Da ta sauko sai ta waiwaya neman ƙanena Nasiru. Yana gindin mangwaro yana yi wa akuya faɗa. Ta kalle shi, ni kuma na kalle ta. Na san shekarar da take tunawa, don ni ma ita nake tunawa.

A lokacin ban wuce shekara goma sha ɗaya ba, siririya kamar sandar tuƙa jirgi, bakina kuwa ya fi jikina nauyi. Ƙauyenmu a bakin tafki yake, kudu da Yelwa. Baba masunci ne, uban Baba masunci ne, in aka bi baya ina jin kakanmu na farko a cikin komar kamun kifi aka tsince shi. A irin wannan gida Allah ya kawo Nasiru, yaron da kifi ke nema ya kashe.

Fatarsa ce ta fara. Tun yana jinjiri kumatunsa suka yi ja, suka bushe, suka tsage kamar ƙasar fadama da bazara. Bayan gwiwa haka, ƙarƙashin wuya haka. Duk matar da ta shigo gidanmu da sunan da za ta ba ciwon, wannan ta ce ƙyasbi, waccan ta ce kirci, kuma kowacce da maganinta a ƙulle a gefen zane. An shafa masa abubuwa iri-iri, har na ga in aka barbaɗa gishiri za a iya cin tuwo da shi. Daga ƙarshe Inna ta kori kowa da hankali, ta tsaya a kan man kaɗanya da wanka da ruwa mai sanyi. Ta ɗinka ƴan jakunkuna biyu da tsohon zane tana ɗaure masa a hannu don kar ya sosa, sai ya koma kamar ɗan dambe. Duk da haka da safe sai an ga ɗigon jini a shimfiɗa, ya goga wuya da kafaɗa har ya fashe. In aka lasa masa nonon shanu kuwa, kwana biyu jikin na ruwa.

Sai ranar da Inna ta ɗiga masa romon kifin karfasa a baki da yatsa, kamar yadda aka yi mini, aka yi wa kowane yaro a garin. Kafin ta wanke hannu leɓensa ya kumbura, idanunsa sun shige ciki, jikinsa ya tashi rudu-rudu. Malamin ɗakin shan magani ya ce borin jini ne, jininsa bai karɓi kifi ba, kuma a kiyaye, don karo na gaba yana iya toshe masa numfashi.

Daga ranar gidanmu ya koma barikin soja, Inna ce babbar hafsa. Tukunyar Nasiru daban, ludayinsa daban, ƙwaryarsa daban, duk a rataye can sama inda ko ƙadangare sai ya nemi izini. An kori dahuwar kifi zuwa bayan gida, can gindin zana. Bandar kifi dama ba ma yi, Baba ɗanye yake sayar wa mata a bakin ruwa. Inna da kanta ta bar cin kifi, tunda tana shayarwa. Baba kuwa in ya dawo daga su, sai ya yi wanka da sabulun salo a tafki, ya sake wanke hannu a ƙofar gida, ya canza riga, sannan Inna ta shinshina tafinsa kamar mai sayen turare. Wani lokaci sai ta girgiza kai, ya koma. Nasiru na rarrafowa yana miƙa masa hannu, Baba na ja da baya, hannuwansa a bayansa, yana cewa, "Tsaya, babban mutum, tsaya." A lokacin dariya abin yake ba ni.

Yanzu Nasiru na zuwa makaranta. Fatar ta lafa, sai in zafi ya yi yawa take tashi. Duk gidan da ya shiga, kafin a gama amsa sallamarsa ya sanar da su ba ya cin kifi, da murya irin ta mai shela. A wancan lokacin ba ya iya faɗin komai, mu ne bakinsa, mu ne idonsa.

A haka yunwar ta same mu. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake, ya sake ɗaukewa. Rana ta riƙa fitowa fara fat, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, iska ba ta motsi. Tafki ya ja baya ya bar baƙin taɓo mai wari, sai an yi tafiya a cikinsa kafin a kai ga jirgi. Zufa kuwa ita ce babbar maƙiyiyar Nasiru, in ta shiga tsagar fatar sai ya yi ta ƙara yana banƙarewa. Inna ta jiƙa zane ta lulluɓe shi, ni in yi fifita har hannuna ya mutu. An ce gwamnati za ta aiko da masara daga Sakkwato. Ina jin motar har yau tana hanya.

Kifi ne ya ceci garin. Warangi, ƴan ƙananan nan kamar yatsa, su ne karin kumallo, su ne na rana, su ne na dare. Har manoman kan tudu suka riƙa saukowa da kaji da fatanya suna musanya. Na ci kifi a shekarar nan har in na yi tari ina jin ƙaya ce za ta fito. Mutum biyu ne kawai abin bai cece su ba, Nasiru da Inna. Ragowar geron gidan Inna ta juye a ɗan tulu ta toshe bakinsa da tsumma, na kunun Nasiru ne, da tafin hannu take aunawa. Ita kuma tafasa da rama, a dafa a matse, a ci ba ƙuli. Wuyanta ya yi tsawo. Nono ya ja baya, Nasiru ya tsotsa ya saki ya yi kuka, ya koma ya ciza. Wata safiya tana daka ɗan geron nan, sai na ga taɓarya ta tafi gefe guda, Inna ta tafi ɗaya gefen.

Da ta farfaɗo Baba ya ce, "Yaye za a yi. Yaron ga ya kusa shekara biyu, ke kuma kin ƙare."

A wurinmu ba a yaye yaro a gaban uwarsa. Gidan kaka ake kai shi ya yi kwanaki, har ya manta. Uwar Inna ta rasu, saura Kaka, uwar Baba, wadda ke zaune a wata tungar masunta a kan tsibiri, tsakaninmu da Yelwa. Sana'arta banda. Tun kafin a haifi Baba take gasa kifi a kan hayaƙi, in ta wuce ka kuliyoyi na bin sawunta.

Ta zo da kanta a jirgi. Tana shigowa ta ce, "Ina mijin nawa? An ce ya ƙi abincin gidan ubanai. To ni da mi zan riƙe shi, da kyau na?"

Inna na durƙushe, kanta a ƙasa. Ba ta iya yi wa surukarta doguwar magana, sai ta bi ta kaina. "Ke, faɗa ma Kaka tukunyarshi daban ce."

"Kaka, an ce tukunyarshi daban ce."

"Na ji, ba kurma nike ba."

"Ke, faɗa mata ko hannun da ya taɓa kifi..."

"Na ji wannan ma. Ɗiya nawa na yaye kafin a san za a haife ki?"

Inna ta miƙe. Ta ja ni ɗaki ta ɗora mini tulun geron da tukunyar da man kaɗanya, ta riƙe kafaɗuna har na ji zafi. Ba ta kiran sunana, don ni ce ƴar fari. "Ke za ki bi su. Idonki ga bakinshi. Ko barci kike, ko salla kike, idonki ga bakinshi. Kin ji ni?" Na ce na ji. Ba ta raka mu bakin ruwa ba, don kar ya ga an rabu. Na hango ƙafafunta ta ƙarƙashin zana.

Tungar Kaka ƴan bukkoki ne da rumfunan banda, da taru a shanye ko'ina. A can har ruwan alwala ƙarni yake. Aka ba mu wata bukka a can ƙarshe wadda ba kowa a ciki. Na ɗaura ɗamara na zama ɗan doka. In yaro ya matso da warangi a hannu sai in bi shi da kara har cikin ruwa. Wata mata ta zo za ta ɗauki Nasiru, na ce ta kawo hannu in shinshina, ta ce wa Kaka jikarta na da aljanu.

Kaka kuwa ta ba ni mamaki. Duk bakin nan nata, kafin ta taɓa shi sai ta goge hannu da toka da sabulu, ta sake zane. Ta dama kunun a tukunyarsa, da ludayinsa, tana mita. "Wanga miji da tsada yake. Kakanku ma ban yi mai haka ba."

Sai dai Nasiru ya ƙi sha. Ya datse baki, ya kau da kai, yana kiran Inna har muryarsa ta dushe. Ruwa kawai yake kurɓa. Kunun ya huce, ya yi tsami, Kaka ta ce in shanye kar a yi asara, ina sha ina jin kamar jinin Inna nake sha. Geron na raguwa, yaron na raguwa. In na ɗauke shi sai in ji kamar kaza na ɗauka. Na riƙa sa kunne a ƙirjinsa ba tare da wani dalili ba.

Ranar kasuwar Yelwa maza suka loda bandar tunga a manyan jirage, har da mai inji, suka tafi tun da safe. Bayan azahar ina goye da Nasiru a bakin ruwa ina jijjiga shi, sai gabas ta yi baƙi. Iska mai sanyi ta taso da ƙamshin ƙasa, irin wanda muka manta. Kafin in kai bukka ruwa ya ɓarke kamar an fasa randa. Mata na guɗa, yara na tsalle tsirara, wata tsohuwa ta ɗaga hannu tana kuka. Mu kuwa mun jiƙe sharkaf, bukkarmu na yoyo ta ko'ina, Nasiru na karkarwa, haƙoransa ƴan kaɗan na haɗuwa.

Kaka ta fizge shi daga bayana, ta cire masa jiƙaƙƙiyar riga, ta naɗe shi a busasshen zane, ta nufi rumfar bandarta da gudu. A tunga duk yaron da ruwa ya daka nan ake kai shi, don nan ne kaɗai wuta ba ta mutuwa. Ta zauna dab da murhu da shi a cinya. Tarwaɗa na jere a kan waya, mai na ɗiga cikin garwashi yana cuwa, ruwan sama ya danne hayaƙin ya hana shi fita, ya taru a ƙarƙashin rufi har ba na ganin fuskar Kaka sosai. Na tsuguna a gefensu ina jin ɗumi, idona a bakinsa. Ba abin da ya shiga bakin.

Karkarwar ta tsaya, kukan ma ya tsaya. Kaka ta ce, "Kin gani? Ɗumi yake so, ya yi shiru."

Sai na ji wani ɗan sauti siriri, kamar ana busa karan dawa. Na duba ko iska ce a jikin rufi. Daga ƙirjin Nasiru yake fitowa. Na buɗe zanen. Idanunsa sun fara shigewa, wuyansa ya yi rudu-rudu, ramin maƙogwaronsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi.

Kaka ta ce, "Mi kika ba shi?"

"Ban ba shi komai ba. Ke mi kika ba shi?"

Ta ɗaga kai ta dubi hayaƙin, ta dubi kifin da ke ɗiga, ta ce a hankali, "Innalillahi." Ta miƙo mini shi kamar hannunta ne ke ƙona shi. "Fita da shi. Bakin ruwa."

Jirgi ɗaya ya rage a tungar, wani tsohon kwalekwale da aka bar wa yara suna wasa. Kaka ta tura shi ita kaɗai, ta ɗaure zane a ƙugu, ta ɗauki filafili. Ta jefo mini ƙwarya. "Zaunar da shi tsaye ga ƙirjinki. Hannu guda gare shi, guda ga kwasar ruwa. In kin bari jirgin ga ya cika, mu duka mun tafi."

Ruwan ya ɗan tsagaita amma tafkin na tashi yana faɗuwa, launinsa kamar toka. Ga kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da aka yi dam, suna leƙowa baƙaƙe, wasu ba a ganinsu sai an hau. Kaka na ratsa su ba ta ko dubawa. Matar da kullum ke cewa bayanta ya ƙage, ranar na ga tana tuƙi kamar ta saci jirgin. Ruwa na shigowa ta tsagar katako yana rufe mini idon sawu, ina kwasa ina zubarwa.

"Shina numfashi?"

"Yana yi."

"Yi mai magana. Ba ke ce mai baki ba? Kar ki bari ya yi barci."

Na yi magana. Na ba shi labarin akuyarmu, na ce ta haifi ɗan maraƙi. Na ce Baba ya kama giwan ruwa da ya fi masallaci girma, an sami keke a cikinsa. Na yi masa alkawarin in ya warke zan bar shi ya ja mini kitso yadda yake so. Leɓensa ya fara yin duhu. Busar nan ta ƙirjinsa da nake jin tsoro, sai na koma ina roƙon kar ta tsaya, don wani lokaci takan yi shiru, in daina kwasar ruwa, in daina numfashi ni ma, sai ta dawo.

"Shina numfashi?"

"Yana yi," na ce, ban tabbata ba.

Da muka iso Yelwa kasuwa na watsewa. Wani mutumin tungar ya hango mu, ya shigo ruwa har ƙugu, ya karɓi Nasiru ya ruga da shi asibiti, ni ina binsa. Aka yi masa allura, aka shige da shi, aka bar ni a baranda ruwa na ɗiga daga zanena. Can sai ga Kaka, mata biyu na riƙe da ita, yatsunta a lanƙwashe sun ƙi miƙewa. Malamin asibiti ya fito ya ce me yaron ya ci. Na ce bai ci komai ba, hayaƙin banda ne. Ya gyaɗa kai ya ce masu irin wannan jinin ko tiririn kifi na iya kama su. Ya ce numfashin ya fara sakewa. Kaka ta tambaya ko ta shiga, sai ta shinshina zanenta, ta koma gindin wata bishiya ta zauna.

Washegari da hantsi Inna da Baba suka iso, an aika musu. Inna ta tsaya a bayan ƙofar ɗakin tana leƙensa ta tsaga. Kumburin ya sauka, yana zaune a gado kamar tsohon da aka ci bashinsa. Ta so shiga, Baba ya ce in ya gan ta yanzu yaye ya lalace, kuma ba abin da zai samu a jikinta. Ta je murhun masu jinya ta dama kunu da ɗan geron da mutanen tunga suka kawo mana a tulunsa, ta ba ni. Na kai masa, ya datse baki. Baba ya gwada, ya kau da kai.

Kaka kuwa tun asuba ba a gan ta ba. Sai ga ta ta shigo sanye da zanen aro, jikinta ya yi fari don dirza, tana ƙamshin sabulu. Ta tsaya nesa da gadon. "Mijina, ka yi fushi? Ka sake ni in ka so, amma ka sha kunu." Ta sunkuya za ta zauna, sai kallabinta ya zame ya faɗi.

Kai ƙwal, yana sheƙi kamar sabuwar ƙwarya. Wurin wanzami ta je. Ta ce ta wanke gashin ta sake wankewa, hayaƙin ya ƙi fita.

Na toshe baki da hannu don kar dariya ta kashe ni. Nasiru kuwa ya zuba mata ido, ya saki baki galala. Kaka ba ta tsaya ɗaukar kallabi ba, ta karɓi ludayin daga hannuna ta zuba masa. Ya haɗiye yana kallon kan. Ta matso da kan kusa, ya ɗora hannunsa mai jaka a kai yana shafawa, ta sake zubawa. Ya sake haɗiyewa.

Na fita baranda. Inna na jingine da bango, idonta a rufe.

"Ya sha?"

"Ya sha. Yana kan sha."

Ta zame a hankali har ta zauna a ƙasa. Sannan ta ce, "Ke, je ki ce ma ubanki yunwa nike ji. Ya samo min kifi. Can bakin ruwa zan ci."